Yadda A Ke Hana Jiragen Ƙasa Karo A Tasha

Jama'a, karatunmu na yau a kan jirgin ƙasa ya ke. Da yawa cikinmu mun taɓa shiga jirgi. Waɗansunmu kuwa ƙauyensu a bakin hanyar dogo ya ke, kullum suna jin kukansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a babbar tasha ya ga hanyoyi birjik, wannan ta shiga waccan, waccan ta rabu da wannan. Ya ga kan jirgi yana gaba yana baya, yana jan taragu yana ajiyewa. Ya kuma ga dogayen ginshiƙai, waɗansu da hannu, waɗansu da fitila ja da koriya. To, me ke hana jiragen nan yin karo da juna? Amsar wannan tambaya za mu bi sannu sannu har mu gane.

Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911. Turawan Ingila suka gina ta, dokokin aikin kuwa daga ƙasarsu suka zo da su. Saboda haka labarin nan zai kai mu Ingila, don can ne aka fara yawancin dabarun da za mu ambata.

Abu Biyu Da Jirgi Ba Ya Iyawa

Da fari sai mu san abu biyu game da jirgi. Na ɗaya, direban jirgi ba shi da sitiyari. Direban mota in ya ga jaki a hanya sai ya kauce. Direban jirgi ba ya iya kaucewa ko da taki ɗaya. Inda dogo ya nufa, nan jirgi zai nufa, ko direba ya so ko bai so ba.

Na biyu, jirgi ba ya tsayawa da sauri. Ƙafafunsa na ƙarfe ne, dogo kuma ƙarfe ne, ƙarfe a kan ƙarfe kuwa santsi gare shi. Ga shi kuma da nauyi ƙwarai. Jirgin da ke gudu sosai, in aka kama masa burki yanzu, yakan yi tafiyar kilomita ɗaya ko fiye kafin ya tsaya cik. Watau sa'ad da direba zai hangi wani jirgi a gabansa, sau da yawa lokacin tsayawa ya riga ya wuce.

Tun da haka ne, tilas wani mutum da ke ƙasa ya zaɓa wa jirgi hanya. Tilas kuma ya gaya wa direba tun daga nesa ko hanyar a buɗe ta ke ko a rufe. Wannan mutum shi ne mai sigina. Kayan aikinsa iri biyu ne, mararraba da sigina.

Mararraba

Inda hanya ɗaya ta rabu biyu, nan ne mararraba. In muka duba wurin da kyau za mu ga ƙarafa biyu masu tsini, suna motsi hagu da dama. Bari mu kira su harsunan dogo. In aka tura su hagu, jirgi ya bi wannan hanya. In aka tura su dama, ya bi waccan. Da sandan ƙarfe a ke motsa su, wanda a ke kira liba. A manyan tashoshi kuwa injin lantarki ke motsa su.

Mararraba wuri ne mai hatsari. In harshe bai manne da dogo sosai ba, ƙafar jirgi sai ta shiga tsakani, jirgi ya goce. In kuwa aka juya mararraba jirgi yana bisa, ƙafafun gaba su bi wata hanya, na baya su bi wata, tarago ya kife. Don haka a ke sa wa mararrabar da jirgin fasinja ke fuskanta wata sakata ta ƙarfe, wadda ke riƙe harsunan kam har jirgi ya wuce.

Babbar Sigina

Sigina ita ce bakin da mai sigina ke magana da direba. Tsohon irin shi ne dogon ginshiƙi da hannu ja a bisansa. In hannun ya miƙe sosai a gicciye, ma'anarsa "Tsaya." In ya karkata, ko sama ko ƙasa, ma'anarsa "Wuce." Da dare fitila ke magana: ja "Tsaya," koriya "Wuce." Sababbin siginoni ba su da hannu, fitilar lantarki ce kaɗai dare da rana.

Tun da jirgi ba ya tsayawa da sauri, akwai wata sigina da a ke kafawa can nesa kafin a iso wannan. Hannunta rawaya ne, bakinsa a tsage kamar wutsiyar kifi. Aikinta gargaɗi. In ta miƙe, tana gaya wa direba ya fara kama burki, don ta gaba tana iya zama a rufe.

Ga wata hikima da ya kamata mu lura da ita. Waya ce ke jan hannun sigina daga ɗakin mai sigina. To, in wayar ta tsinke fa? Maƙeran sun rataya wani nauyi a jikin ginshiƙin. Da waya ta tsinke, nauyin nan sai ya mai da hannun ga "Tsaya." Dokar aikin jirgi ke nan a ko'ina: in abu ya lalace, ya lalace ta wajen da zai tsai da jirgi. Gara a makara da a rasa rai.

Mene Ne Shantin?

Ba kowane motsin jirgi ne tafiya ba. Kafin jirgin kaya ya tashi, sai an harhaɗa taragunsa. Wannan tarago na hatsi ne, za shi kudu. Wancan na siminti ne, nan za a sauke shi. Wani kuma ya lalace, sai a fid da shi a kai shi gyara. Sai kan jirgi ya ja wannan, ya tura wancan, ya shiga hanyar gefe, ya komo babbar hanya. Wani lokaci kuma jirgi sukutum a ke kawarwa gefe don wani mai sauri ya wuce. Duk wannan kai da kawowa cikin tasha shi a ke kira shantin.

Shantin a hankali a ke yinsa, amma hatsarinsa ba kaɗan ba ne. Ga dalilai uku. Na ɗaya, sau da yawa kan jirgi tura taragu ya ke yi daga baya, direba ba ya ganin inda su ke nufa. Na biyu, da gangan a ke shiga hanyar da waɗansu taragu ke tsaye, don a haɗa su. Na uku, akwai mutane a ƙasa, suna shiga tsakanin taragu suna ƙullawa suna kwancewa.

Ƙaramar Sigina Ta Shantin

Saboda haka shantin yana da tasa sigina dabam. Ƙarama ce, kusa da ƙasa a ke kafa ta, a gindin mararraba. A Ingila tsohon irin farin faifai ne na ƙarfe da jan zane a tsakiyarsa. In zanen yana gicciye, "Tsaya." In faifan ya juya, zanen ya karkata, an yarda a motsa. Sabon irin kuwa ƙananan fitilu ne. Ja biyu a jere, "Tsaya." Farare biyu a karkace, an yarda a motsa.

Ku lura da bambancin nan, don shi ne gindin maganar. Babbar sigina in ta ba da hanya, tana cewa, "Wuce, ba kome a gabanka har sigina ta gaba." Ƙaramar sigina ba ta yin wannan alkawari. Abin da ta ke cewa shi ne, "An gyara maka mararraba. Taho a hankali, ka buɗe ido, mai yiwuwa akwai tarago a gabanka." Direban da ya ɗauki maganar ƙaramar kamar ta babbar, shi ke fasa taragu.

Ban da wannan akwai alamun hannu. Mai shantin yakan tsaya inda direba zai gan shi. Bisa dokar Ingila, in ya ɗaga hannu biyu sama, ko ya nuna jar tuta ko jar fitila, "Tsaya" ke nan. Da dare in ya kaɗa farar fitila sama da ƙasa a hankali, yana nufin jirgi ya yi nesa da shi. In ya kaɗa ta hagu da dama, yana nufin jirgi ya matso wajensa. Yanzu har da rediyon hannu a ke aikin. Amma doka ɗaya ba ta sake ba: in direba ya daina ganin mai shantin, ko ya daina jin muryarsa, tilas ya tsaya nan take. Ba a shantin da tsammani.

Akwai kuma wata ƙaramar mararraba a bakin hanyar gefe, wadda ba ta kai ko'ina. Tarko ce. In tarago ya gangaro shi kaɗai don ba a kama masa burki ba, tarkon nan sai ya fid da shi daga dogo kafin ya kai babbar hanya. Gara tarago ɗaya ya faɗi cikin ƙasa da ya tari jirgin fasinja.

Kulle-Juna

Yanzu mun zo ga babbar dabara. A ce mai sigina yana da liba 30 a gabansa. Dare ya yi, ya gaji, jirage uku suna jiransa. Me zai hana shi ya ba jirgi hanya alhali mararraba tana duban wani waje? Me zai hana shi ya ba jirage biyu hanya ɗaya? Ɗan Adam ajizi ne, kome ƙwazonsa wata rana sai ya manta.

Maganin da aka samo shi ne a sa libobin su riƙa kulle junansu. Wannan dabara za mu kira ta kulle-juna. Mu dubi ƙofar ɗakinmu mai sakata. Ba mu iya zura sakata sai ƙofa ta rufu sosai, don sai sa'an nan ne ramin zai yi daidai da ita. In kuma sakata ta shiga, ba mu iya buɗe ƙofa sai mun zare ta. Watau ƙofa ta tsare sakata, sakata kuma ta tsare ƙofa. To, haka a ke yi wa sigina da mararraba.

A ƙarƙashin ɗakin sigina akwai wani babban akwatin ƙarfe. Kowace liba tana tura wani miƙaƙƙen ƙarfe mai giɓi a gefensa. Waɗansu ƙarafa kuma sun gitta su, suna da haƙora. In aka ja liba ɗaya, ƙarfenta sai ya ture haƙori, haƙorin ya faɗa cikin giɓin ƙarfen wata liba, ya riƙe ta. In kuwa giɓin bai zo daidai ba, haƙorin ba shi da wurin shiga, libar farko sai ta ƙi jawuwa. Ko ƙato ne ya kama ta, ba za ta motsa ba.

Dokokin kulle-juna uku ne manya. Na ɗaya, sigina ba ta ba da hanya sai duk mararrabar da ke gaba ta zauna daidai, an kuma kulle ta. Na biyu, muddin sigina tana nuna "Wuce," ba a iya juya mararrabar. Na uku, siginoni biyu da za su kai jirage biyu wuri ɗaya ba su buɗuwa tare. Haka nan sigina ta gargaɗi ba ta nuna "Wuce" sai ta tsayawa da ke gabanta ta riga ta buɗe.

Ga Misali

Mu ɗauki ƙaramar tasha mai babbar hanya da hanyar gefe ɗaya. Libobinta huɗu. Lamba 1 ta babbar sigina ce, mai shigo da jirgin fasinja. Lamba 2 ta mararraba ce. Lamba 3 ta sakatar mararraba ce. Lamba 4 ta ƙaramar sigina ce, mai fito da kan jirgi daga hanyar gefe. A Ingila har fenti a ke shafa musu don kada a ruɗe: ja ta sigina, baƙa ta mararraba, shuɗiya ta sakata, rawaya ta gargaɗi.

Jirgin fasinja yana zuwa. Mai sigina ya tabbata lamba 2 tana duban babbar hanya. Ya ja lamba 3, sakata ta shiga. Sa'an nan ne lamba 1 za ta yarda a ja ta. Da ya ja lamba 1, sai 2 da 3 da 4 duk su kulle. Ko da direban shantin yana ta busa usur yana gaggawa, ba yadda za a yi a fito da shi.

Jirgin fasinja ya wuce. Mai sigina ya mai da lamba 1, sigina ta koma "Tsaya." Ya mai da lamba 3, sakata ta fita. Ya ja lamba 2, mararraba ta juya wajen hanyar gefe. Yanzu lamba 4 ta saku, ya ja ta, kan jirgi ya fito. Muddin lamba 4 tana jaye, lamba 1 ba ta motsi, lamba 2 kuma ba ta komawa. Kun ga ke nan, aikin bi da bi ya ke, ba a tsallake ko ɗaya.

Yadda Aka Samo Dabarar

Ba rana ɗaya aka san wannan duka ba. Sa'ad da aka buɗe hanyar jirgi tsakanin Libaful da Mancesta a 1830, mutane ne ke tsayawa bakin hanya suna ba da alama da hannu ko da tuta. In jirgi ya wuce, sai a dakata 'yan mintoci, a saki na bayansa. Ba wanda ya san ko na gaban ya lalace a daji. Mai juya mararraba dabam, mai ba da alama dabam, wani lokaci wannan bai san abin da wancan ya yi ba.

A 1856 wani Baturen Ingila, John Saxby, ya yi rajistar dabarar haɗa libar sigina da ta mararraba. Daga nan aka yi ta kyautata ta. Amma kayan da tsada, waɗansu kamfanonin jirgi suka yi ta jan ƙafa.

Ran 12 ga Yuni 1889 wani jirgi cike da yara masu zuwa yawon shan iska ya kasa hawa tudu kusa da garin Arma, a ƙasar Ailan. Aka raba jirgin biyu don a hau da shi kashi kashi. Taragun baya suka gangara, suka yi karo da jirgin da aka saki a bayansu. Mutum 80 suka mutu. A cikin shekarar nan Majalisar Ingila ta kafa doka a kan hanyoyin jirgin fasinja. Dokar ta nemi abu uku: kulle-juna, da burki mai kama dukan taragu da kansa in jirgi ya tsinke, da kuma raba hanya yanki yanki, kada jirgi biyu su shiga yanki ɗaya.

Abin Da Ya Faru A Kwintinshil

Kada mu zaci kulle-juna ya gama kome. Akwatin ƙarfen nan ya san inda mararraba ta ke duba, ya san abin da sigina ke nunawa. Abu ɗaya ne bai sani ba, watau inda jirgi ya ke tsaye. Ga labarin da ya nuna haka.

Kwintinshil wani ɗan wuri ne a ƙasar Sikotilan, kusa da iyakarta da Ingila. Akwai manyan hanyoyi biyu, ɗaya ta jiragen da ke zuwa arewa, ɗaya ta masu zuwa kudu. Kowace kuma tana da hanyar ratsewa a gefenta. Ran 22 ga Mayu 1915 da sassafe, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, wani ƙaramin jirgin fasinja mai zuwa arewa ya iso. A bayansa akwai manyan jirage biyu masu sauri daga Landan, sun makara, tilas ya ba su hanya. Hanyar ratsewa ta wajensa kuwa jirgin kaya ya cika ta. Sai mai sigina ya yi shantin ɗinsa, ya mai da shi baya ya tsallaka, ya tsai da shi a kan babbar hanyar masu zuwa kudu. Doka ta yarda da haka, in an bi sharuɗɗa.

Sharuɗɗan su ne waɗannan. Mai sigina zai sanar da ɗakin sigina na gaba cewa hanyar nan a toshe ta ke. Zai kuma sa wani zoben ƙarfe a kan libar siginar da ke tsaron hanyar, don in ya kai hannu zoben ya hana shi ja, ya tuna masa. Mai zuba kwal na jirgin da ke tsaye kuma zai hau ɗakin sigina, ya tabbata an sa zoben.

Ba a yi ko ɗaya yadda ya kamata ba. Ba a aika da sanarwar ba. Ba a sa zoben ba. Mai zuba kwal ya hau, ya sa hannu a littafi, ya sauka bai duba ba. Ga shi kuma lokacin canjin aiki ne. Masu sigina biyu sun shirya tsakaninsu, ba da sanin manya ba, mai aikin safe ya riƙa zuwa a makare. Ran nan ma a kan wannan ƙaramin jirgi ya zo. Da isowarsa ya duƙufa yana kwafe lokutan jirage cikin littafi da hannunsa, don kada a gane ya makara.

Sai aka nemi hanya don wani jirgin soja mai zuwa kudu, da sojoji wajen 500 a ciki. Mai aikin safe ya manta da jirgin da ya kawo shi, alhali yana tsaye a gaban tagarsa. Ya ja liba. Libar ta jawu, don an riga an mai da mararraba daidai bayan shantin, akwatin kulle-juna bai ga laifin kome ba. Da ƙarfe 6.49 jirgin soja ya afka wa jirgin da ke tsaye. Bayan kamar minti ɗaya jirgi na biyu daga Landan ya zo ya afka cikin tarkacen. Taragun sojan na katako ne, fitilunsu na gas, wuta ta tashi. Mutum fiye da 200 suka hallaka, yawancinsu sojoji. Har yau ba a yi hatsarin jirgin ƙasa a Birtaniya da ya ci rayuka kamar wannan ba. Aka ɗaure masu siginan nan, ɗaya shekara 3, ɗaya wata 18.

Mu duba da kyau. Ba ƙarfe ne ya karye ba, ba waya ce ta tsinke ba. Ƙananan dokoki uku aka raina, kowa yana tsammani ɗan'uwansa ya lura.

Dogo Mai Faɗin Inda Jirgi Ya Ke

Maganin wannan irin mantuwa ya riga ya samu tun 1872, sa'ad da wani mutumin Amurka, William Robinson, ya ƙago shi. Amma ba a sa shi a Kwintinshil ba. Ga yadda ya ke aiki. A kan yanke hanya yanki yanki. A wannan ƙarshe a sa batir, ya tura 'yar wutar lantarki ta bi dogo ɗaya. A wancan ƙarshe wutar ta shiga wani ɗan akwati, ta komo ta ɗaya dogon. Muddin wuta tana isa akwatin, an san ba jirgi a yankin.

Da jirgi ya shiga, ƙafafunsa da ƙarfen da ya haɗa su sai su zama gajeriyar hanya. Wutar ta bi ta nan, ba ta isa akwatin ba. Akwatin kuwa da ya rasa wuta sai ya kulle libar sigina, ya kunna fitila a gaban mai sigina. Ko ya manta, libar ba ta jawuwa. In dogo ya karye, ko batir ya mutu, wuta ba ta isa, sigina ta tsaya a kan ja. Kun ga dokar nan ta ɗazu ta sake fitowa.

Daga baya aka mai da kulle-juna kansa na lantarki, sa'an nan na kwamfuta. A Ingila an fara aiki da irin na kwamfuta a garin Leamington Spa a 1985. Yanzu mutum ɗaya yana zaune gaban allo yana gyara wa jirage hanya a tashoshin da ke nesa da shi ƙwarai. Kayan sun sake, amma dokoki ukun nan suna nan yadda su ke.

Abin Da Ya Shafe Mu

Wani zai ce, "Ni manomi ne, ina ruwana da sigina?" Da ruwanmu ƙwarai. Mu ne fasinjan, 'ya'yanmu ne ke wasa a bakin dogo, dabbobinmu ne ke ƙetarewa. Ga abin da ya wajaba a kanmu.

Kada mu bi ta ƙarƙashin tarago ko tsakanin taragu biyu, ko da mun ga suna tsaye shiru. Kan jirgin yana iya zama can nesa inda ba mu ganinsa, ya turo su ba zato. Tarago mai gangarowa shi kaɗai kuwa ba shi da ƙara. Mu zaga ta inda aka tanada, sannu ba ta hana zuwa.

Kada mu taka harsunan mararraba, kada mu zauna a kansu. Daga nesa a ke juya su, wanda ke juyawa ba ya ganinmu. In suka matse ƙafar mutum, ba mai iya zare ta da hannu.

Mu hana yara sa dutse ko itace a mararraba, mu hana su jifan fitilun sigina. Wanda ya yanke waya ko ya kwance ƙusar dogo don ya sayar, bai san wa ke cikin jirgin gobe ba. Mai yiwuwa uwarsa ce.

In mun ga dogo ya karye, ko ruwa ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashinsa, mu gaggauta gaya wa ma'aikatan tasha mafi kusa, ko mai gari ya aika. In kuwa jirginmu ya daɗe tsaye a gaban jar fitila, kada mu zagi direba. Akwai abin da a ke tsare mu daga gare shi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne abu biyu ne jirgin ƙasa ba ya iyawa?
2. In wayar sigina ta tsinke, me hannun zai nuna? Don me?
3. Mene ne bambancin maganar babbar sigina da ta ƙaramar siginar shantin?
4. Ku faɗi dokoki uku na kulle-juna.
5. A misalinmu, wace liba a ke ja kafin lamba 1?
6. Don me libar Kwintinshil ta jawu alhali akwai jirgi a kan hanya?
7. Me za mu gaya wa yaro in mun gan shi zai bi ta ƙarƙashin tarago?